Gaskiya ko Jita-jita: Jiragen da Sojan Sama ke Koyon Tuƙi da Su

A Rano da Kibiya, jirgin soja ba ya wucewa salin-alin. Kafin rugugin nasa ya lafa, an yanke masa hukunci a teburin mai shayi. Ga huɗu daga cikin maganganun da aka fi ji.

“Duk jirgin soja da ya wuce da ƙara, wani wuri ne ba lafiya.”

Jita-jita. Rundunar Sojan Sama tana da makarantar koyon tuƙi a Kano, mai lamba 403, inda ake horar da matasa da jirgin L-39 ƙirar Cekoslobakiya. Kujera biyu gare shi: ɗalibi a gaba, malami a baya, kowa da sandar tuƙinsa, domin in ɗalibi ya rikice malami ya karɓe. Rano da Kibiya kuwa tafiyar 'yan mintuna ce daga Kano a irin wannan jirgi. Sau da yawa darasi ne kawai ake yi.

“Ragowar jiragen Yaƙin Hitila ne.”

Ba haka ba ne, amma maganar tana da tushe. Daga 1940 Ingila ta riƙa sauke jiragen yaƙi a cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su, su biyo ta Legas, Kano da Maiduguri, su ratsa Sudan zuwa Masar. Kano zango ce a lokacin, inda ake shan mai a kwana. Matuƙan kuwa a irin su Kanada, Afirka ta Kudu da Rodeshiya aka horar da su, da jiragen Tiger Moth da Harvard. Shi L-39 sai a 1968 ya fara tashi, Nijeriya ta sayo shi a tsakiyar shekarun 1980. Ya kwana biyu, amma bai ga zamanin Hitila ba.

“Jirgin koyo ba ya yaƙi.”

Wannan ce ta fi nisa da gaskiya. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, gwamnatin tarayya ta ɗaura wa jiragen koyo na L-29 makamai ta tura su fagen daga. A watan Mayun 1969, wani ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo wa Biyafara ƙananan jiragen koyo biyar masu farfela, aka maƙala musu rokoki a ƙarƙashin fuka-fuki, suka kai hari filayen jirgin Fatakwal, Binin da Inugu, suka lalata jirage a ajiye. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Haka Alpha Jet: don horo aka ƙera shi, amma ya yi yaƙi a Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, ya kuma yi da Boko Haram.

“Da an ɗauke ka, sai a miƙa maka jirgin yaƙi.”

A'a. Daga Kaduna ake farawa, da ƙaramin jirgi mai farfela irin Super Mushshak da aka fara kawowa daga Pakistan a 2016. Sai ɗalibi ya tashi shi kaɗai ya sauka lafiya, ya kuma ci sauran gwaje-gwaje, sannan a duba ko ya cancanci zuwa Kano. Yaron Kibiya mai wannan buri, ya fara da riƙe lissafi da kimiyya tun daga sakandare.