Ɗurin Bindigar Toka a Wajen Maharban Ƙasar Dawanau

1.0 Gabatarwa

Dawanau gari ne da ke cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, a kan hanyar Kano zuwa Katsina, kuma an fi saninsa da babbar kasuwar hatsi. Ƙasar da ke kewaye da shi gona ce ke bin gona, babu wani daji na a zo a gani. Duk da haka harbi bai mutu ba a wannan yanki. Wannan maƙala za ta dubi ɓangare guda na sana'ar maharba, wato ɗurin bindiga, domin a bindigar gargajiya maharbi ne da kansa yake haɗa kowane harbi da zai yi, kuma a wajen awon wannan haɗi ne ake bambance gwani da ɗan koyo.

2.0 Zuwan Bindiga Ƙasar Kano

Kalmomin bindiga da albarushi da harsashi duk aro ne daga Larabci, wanda ke nuna cewa daga waje makamin ya shigo. Tarihin Kano ya ambaci cewa an kawo bindigogi daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari (1731–1743), sannan Sarki Babba Zaki (1768–1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya shahara da tara bindigogi, har ana haɗa albarushi da ƙera igwa a birninsa.

A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burasal, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, amma ta bar ƙofa ga tsofaffin bindigogi masu ƙanƙara da albarushinsu. Sakamakon haka ya bayyana a ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin da rundunar Kanar Morland ta ci Kano da igwa da bindigogi masu jigida. Daga nan bindigar ɗuri ta bar fagen yaƙi, ta koma hannun maharba da 'yan bindigar fada, waɗanda bisa al'ada suke buga ta a hawan Sallah da albarushi zalla, ba tare da harsashi ba.

3.0 Kayan Ɗuri

Bindigar da maharba ke riƙewa ana kiranta bindigar toka, ko adaka, ko harba-ruga. Sunan ƙarshe ya fito ne daga halinta: harbi ɗaya take yi, in an kuskure dabba mai faɗa sai gudu. Maƙera ne ke ƙera ta da bututun ƙarfe da ƙotar itace, kuma ta baki ake ɗura ta. Kayan da maharbi ke ɗauka a jakarsa sun haɗa da:

i. Albarushi, a cikin ƙaramin gora ko ƙaho mai marufi, don kada danshi ya taɓa shi.

ii. Harsashi, wanda yakan kasance dunƙulen darma ko ƙananan guntayen ƙarfe.

iii. Tsumma ko wani abu mai laushi da ake cusawa don ya riƙe ɗurin.

iv. Sandar ɗuri, wadda ake danna kayan da ita har ƙasan bututu.

4.0 Yadda Ake Ɗuri da Hikimar Awo

Maharbi yakan tsayar da bindiga bakinta na kallon sama, nesa da fuskarsa. Sai ya zuba albarushi, ya bi shi da tsumma ya danna, ya zuba harsashi, ya sake toshewa da wani tsumman don kada ya zube. In aka ja kunama, tartsatsin wuta kan shiga ta wata 'yar kafa ya kama albarushin, iskar da ta taso kuma ta ingiza harsashin waje.

Abin da ke da wuya shi ne awo. Idan albarushi ya yi kaɗan, harsashi ba zai kashe ba, sai dai ya raunata dabba ta tafi ta mutu a wani wuri, ta zama mushe, an yi asarar nama da wahala. Idan kuma ya yi yawa, bututun na iya fashewa a hannun mai shi, ya tafi da yatsu ko ido. Tun da bindigogin ba ƙirar masana'anta ba ne, kaurin bututun wannan ba ɗaya yake da na waccan ba. Saboda haka kowace bindiga da awonta, kuma aron bindiga ba tare da sanin awonta ba ganganci ne.

Haka kuma irin naman da aka fita nema shi ke nuna irin harsashin da za a sa. A gonakin ƙasar Dawanau abin da ya rage bai wuce zomo da fakara da kurciya da gafiya ba, waɗanda ƙananan harsasai masu watsuwa suka fi dacewa da su. Dunƙulen darma na manyan dabbobi ne, kamar gada da barewa, su kuwa sai an yi tafiya mai nisa da rani kafin a gan su.

Akwai ƙa'idojin da gwanaye ke kiyayewa. Ba a zuba albarushi kai tsaye daga gora bayan an yi harbi, domin wata yiwuwa akwai sauran garwashi a ciki. Ba a leƙa bakin bindigar da ta ƙi tashi, domin takan yi jinkiri sannan ta tashi. Ana sa alama a jikin sandar ɗuri don a gane ko akwai ɗuri a ciki, kada a yi ɗuri a kan ɗuri. Sannan ana wanke bututu bayan harbi, saboda dattin da albarushi ke bari yana jan danshi, tsatsa ta ci ƙarfen ta ciki inda ido ba ya gani.

5.0 Kwatanci da Bindigar Zamani

A bindigar zamani an haɗa komai a cikin kwanson tagulla guda: abin kunna wuta a gindi, albarushi a ciki, harsashi a baki. A shekarar 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, wanda ya fi na gargajiya ƙarfi nesa ba kusa ba. Da irinsa ne kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da harsashin .375 Magnum a 1912, don harbin manyan namun daji. A Amurka da wasu ƙasashe akwai maharba da ke sake cika kwanson da hannunsu, suna auna albarushi da sikeli mai tsananin daidaito, suna bin littattafan da masana'antu suka wallafa. Manufarsu da ta maharbin Dawanau ɗaya ce, wato daidaita ɗuri da bindiga da dabba. Bambancin shi ne wancan yana da sikeli da littafi, wannan kuwa yana da ido da abin da ya koya wajen ubangidansa. Wajibi ne a jaddada cewa farke harsashin zamani a zuba albarushinsa a bindigar toka haɗari ne babba, domin bututunta ba zai iya ɗaukar ƙarfinsa ba.

6.0 Matsayin Doka

Dokar Makamai ta 1959 ta ware bindigogin ɗuri a rukuni na musamman, ta ɗora ba da lasisinsu a kan Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ta kuma hana ƙera bindiga ba tare da izini ba. A yau riƙe wannan makami ya zama abin tuhuma saboda matsalar tsaro. A watan Maris 2025 wasu gungun mutane suka kashe matafiya 16 a garin Uromi na Jihar Edo, mafarauta ne da ke kan hanyar komawa Kano, bayan an ga bindigogin toka a motarsu.

7.0 Kammalawa

An ga cewa ɗurin bindiga ilimi ne na awo da lura, wanda ba a rubuce yake ba, yana ƙirjin tsofaffin maharba ne. Daji ya ƙare, namun sun ja baya, masu wannan sani kuma suna raguwa. Ya kamata masu nazarin al'adu su zauna da sarakunan baka da maƙeran wannan yanki su tattara sunayen kayan aiki da ƙa'idojin sana'ar tun masu su na raye, domin ba a fafe gora ranar tafiya.