Maganar da ke nauyi a bakin likita da majinyaci

Akwai ciwon da mutum ke faɗi ba shakka, kamar masassara ko ciwon kai. Akwai kuma wanda ake kaiwa har gaban likita, a koma da shi gida ba a ambace shi ba. Shi ne ciwon al'aura da matsalar kwanciyar aure. Mun saba ɗora laifin a kan majinyaci, alhali likita ma yana da nasa nauyin baki.

Me ke ɗaure bakin likita?

Na farko, kunya. Likita ɗanmu ne, cikinmu ya tashi. Saurayi yana jin nauyin yi wa sa'ar uwarsa irin wannan tambaya.

Na biyu, harshe. Da Faransanci ya yi karatu. In ya juyo Hausa, kalma ko ta yi tsirara, ko ta sha lulluɓi har ma'ana ta ɓace. Mace ta ce "sanyi" ko "ciwon mara", alhali cututtuka da dama ke amsa wannan suna.

Na uku, rashin sirri. Uwar miji tana zaune, tafinta ɗan gari ne, ƙofa kuma a buɗe.

Na huɗu, lokaci. Da damina masu masassara sun cika rumfa, wannan magana kuwa ba ta son gaggawa.

Na biyar, tsoron raba aure. Ciwon sanyi ba ya barin gida sai an yi wa miji da matansa duka magani lokaci guda. Faɗin haka sai da dabara.

Abin da shiru ke jawowa

Ciwon sanyi in ya daɗe yana toshe hanyar ƙwan mace, haihuwa ta tsaya. Tunjere yana kama ɗan da ke ciki, ya kawo ɓari, alhali allurar penisilin tana warkar da shi. Raunin namiji sau da yawa alamar ciwon suga ne ko hawan jini, maganin ƴan talla ba zai gano su ba. Tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan tabki wajen wanki ko noman rani, tana kawo wa mace ƙaiƙayi da zubar jini. Sai ta yi shiru don gudun zargi, alhali ba ta aikata komai ba. Sida, wadda aka fara gani a Nijar a 1987, yau tana da maganin da ke danne ta, ya kuma kare jariri. Amma sai wanda aka auna zai samu.

Mene ne abin yi?

Mu sani aikin likita ya hana shi tona asirin majinyaci. Mu roƙi ɗan rakiya ya jira a waje. Mace tana iya cewa: "Likita, ina son in ga ungozoma." Mu fara da abin da ya kawo mu, mu faɗi inda ciwon yake da ranar da ya soma. Maigida ya raka iyalinsa, a auna su tare. A jihar Damagaram aka fara makarantun mazan aure a 2008, don maza su tattauna lafiyar iyalinsu. Mu ma mu yi haka a azuzuwanmu na yaƙi da jahilci.

Likitoci kuma muna roƙonsu su rufe ƙofa, su sassauta murya, su fara tambaya. Kunya ado ce, amma ba ta warkar da ciwo. Lafiya uwar jiki, Allah ya ƙara mana ita.