Awon iskar saman sararin samaniya da na'urar radar

Awon iskar saman sararin samaniya da na'urar radar hanya ce da masana kimiyya ke bi don sanin gudun iska da inda ta nufa a tsayin kilomita 80 zuwa 100 daga doron ƙasa. Balan-balan ɗin awon yanayi ba ya wuce kimanin kilomita 35, tauraron ɗan'adam kuma ba ya iya zagayawa ƙasa-ƙasa haka. Shi ya sa ake dogara da radar da aka girka a ƙasa.

Yadda ake awon

Kullum ƙananan duwatsu, galibi kamar ƙwayar yashi, suna faɗowa daga sararin samaniya su ƙone a wannan tsayi. Kowanne yakan bar sawu mai cajin lantarki, wanda yawanci ke ɓacewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Radar takan aika igiyar rediyo ta kimanin megahaz 30 zuwa 55, ta bugi sawun ta dawo. Da yake iska na tafiya da sawun, igiyar kan dawo da ɗan sauyi da ake kira tasirin Doppler, kuma daga shi ake lissafa gudun iskar.

Tarihi

Manning da Villard da Peterson na Jami'ar Stanford a Amurka sun wallafa wannan dabara a shekarar 1950. A cikin shekarun 1950 an ci gaba da irin awon a Jodrell Bank ta Ingila da Adelaide ta Ostareliya.

Ingancin awon

Sawu ɗaya yana nuna ɓangaren gudun iska da ke tunkarar radar ko ke nisantarta kawai. Don haka ake haɗa sawaye da yawa na awa guda, a tazarar tsayi ta kilomita 2 zuwa 3, bisa ɗaukar cewa iskar iri ɗaya ce a duk faɗin wurin. Inda iska ta hargitse, wannan ɗauka na jawo kuskure.

Awon ya fi inganci a kusan kilomita 90, inda sawaye suka fi yawa, da kuma da asuba, lokacin da duwatsun suka fi faɗowa. Da yamma sukan ragu, kuskure ya ƙaru.

Akwai wata radar mai aiki da megahaz 2 zuwa 3. Idan aka gwama su biyun, takan nuna gudun da bai kai na radar sawun duwatsu ba, musamman sama da kilomita 90.