Daga Litinin Zuwa Juma'a: Me Ɗan Aji Ɗaya Ya Ƙaru da Shi?

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen makarantar firamare da hantsi ya san amon nan. Malama ta buga sanda a jikin allo ta ce "ba", yara tamanin su amsa da ƙarfin da har masu shago a tsallaken titi suna ji. Ta ce "be", su ce "be". Mai wucewa sai ransa ya yi fari, ya ce karatu na tafiya. Amma da za a tsayar da amshin, a kira yarinyar da ke can benci na baya, a nuna mata gaɓa guda daga tsakiyar layi, sau da yawa shiru za ta yi tana wasa da gefen hijabinta. Bakinta ya haddace jerin, idonta bai san baƙin ba.

Wannan giɓi da ke tsakanin amshin aji da iyawar yaro shi kaɗai shi ne abin da masana karatun ƙananan yara suka daɗe suna bibiya. A 2006 cibiyar bincike ta RTI da ke Amurka, da tallafin hukumar USAID da Bankin Duniya, ta tsara wani gwaji mai suna EGRA. Ba na takarda da biro ba ne. Mai gwaji yana zama da yaro ɗaya, ya miƙa masa shafi, ya danna agogo. Cikin minti guda, haruffa nawa ya faɗi sautinsu daidai? Gaɓoɓi nawa? Kalmomi nawa ya karanta daga ɗan gajeren labari, kuma da aka tambaye shi abin da labarin ya ƙunsa, ya gane? Da aka kawo gwajin jihohin Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010, sakamakon ya girgiza jami'an ilimi: mafi yawan 'yan aji biyu da aji uku ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, kuma da Hausa aka gwada su, harshen da suke mafarki da shi. Waɗannan yara ne masu zuwa makaranta, sunansu na cikin rajista.

Daga nan shirye-shirye suka biyo baya. A Bauchi da Sakkwato aka fito da littattafan Mu Karanta! na aji ɗaya zuwa uku ƙarƙashin shirin NEI Plus. A Katsina da Zamfara kuma aka fara shirin RANA a 2015, ƙarƙashin UNICEF da kuɗin gwamnatin Birtaniya, wanda ya haɗa karatu da lissafi. Tunanin da ke ƙarƙashinsu ɗaya ne: a yanka aikin shekara ƙanana-ƙanana, kowane darasi da abin da ake so yaro ya iya a ƙarshensa, malami ya fara yi, sannan a yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai. Wannan mataki na uku shi ne wanda amshi yake haɗiyewa.

A ajin da ake bin wannan tsari, mako yana da fuska. Ba a jero wa yaro baƙaƙe da wasulla gaba ɗaya daga A zuwa Z. Ana farawa da waɗanda suka fi yawo a cikin Hausa. A ce ranar Litinin an gabatar da "m": malama ta rufe leɓɓanta ta ja sautin, yara su lalubo kalmomin da suka fara da shi, wani ya ce mota, wata ta ce masara, su zana shi da yatsa a iska, sannan a ƙasa, sannan a littafi. Talata a aura shi da wasalin "a" ya zama "ma". Idan a makonnin baya an yi "n" da "k", to kafin Laraba ta ƙare yaro yana da kayan haɗa nama, kama, mana, kaka, mama. Da haruffa huɗu kacal ya karanta jimla sukutum: Mama na nan. Duk malamin da ya taɓa ganin fuskar yaro a daidai lokacin da "na" da "ma" suka haɗu suka zama naman da yake ci a gida, ya san wannan rana ta fi ranar raba sakamako girma a rayuwar yaron.

Hausa ta yi wa 'ya'yanta gata a nan. A rubutun boko kusan kowane harafi sauti ɗaya yake da shi, saɓanin Turanci inda harafi guda kan sauya murya daga kalma zuwa kalma. Yaron da ya san sautukan, ya iya haɗa gaɓa, zai iya furta kalmar da bai taɓa gani ba.

Sai dai akwai wuraren tuntuɓe, kuma kimiyya ta san dalilinsu. Masanin ƙwaƙwalwa na ƙasar Faransa, Stanislas Dehaene, ya bayyana cewa ba a haifi ɗan Adam da sashen karatu a kansa ba. Koyon karatu yana aron wani yanki ne a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa wanda aikinsa na asali gane siffar abubuwa ne. Shi kuwa wannan yanki bai damu da dama da hagu ba: kofi ko hannunsa na kallon gabas ko yamma, kofi ne. Shi ya sa ɗan shekara shida yake rikita "b" da "d", ko ya rubuta lamba 3 a juye. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, kuma bulala ba ta gyara shi. Maimaita rubutawa da hannu tare da furta sautin ne ke gyarawa. Ɗan Bahaushe ma aikinsa ninki biyu ne, don bayan waɗannan biyun akwai "ɓ" da "ɗ" masu lanƙwasa suna jiransa. Malamin da ya san haka zai raba su da tazarar makonni, ba zai zubo su rana ɗaya ba.

Ga kuma mantuwa. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa sabon abin da aka koya yana zubewa da sauri a kwanakin farko, sai idan an waiwaye shi. Abin da aka koya ranar Litinin, in ba a taɓa shi ba har wata Litinin, kusan sabo za a sake. Wannan ne ya sa ranar ƙarshen mako ta cancanci a keɓe ta don bita da sauraren yara ɗaya bayan ɗaya, ko da ba a ƙara sabon harafi ba.

Abin mamaki, wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo almajiri ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya biya shi kaɗai. In ya kawo daidai a yi masa ƙari, in ya yi gargada ya koma ya sake. Mai babbaƙu ba ya tsallakawa farfaru don kawai sa'o'insa sun wuce. Firamare ce ta zo da tsarin da zango ke jan kowa gaba, wanda ya iya da wanda bai iya ba.

Iyaye ma suna da hannu. Tambayar da ake tarbar yaro da ita sau uku a shekara ita ce, "Na nawa ka zo?" Amsar ba ta faɗin komai game da karatu. A ajin da ba mai iya haɗa gaɓa, dole dai wani ya zo na ɗaya. Uwar da za ta ce ranar Juma'a, "Zo ka nuna mini baƙin da aka koya muku," ta fi samun labarin gaskiya, ko da ita ba ta yi boko ba, domin za ta ga ko yatsansa na bin rubutun ko idonsa na kallon rufi.

Malamai za su ce, da gaskiyarsu, wa zai saurari yara ɗari ɗaya bayan ɗaya? Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a manyan garuruwan Arewa ba wuya a tarar da ninki biyu ko uku na haka, wasu zaune a ƙasa, littafi ɗaya a tsakanin kawuna huɗu. Ga ranar kasuwa, ga talla, ga damina da ke kwashe yara zuwa gona. Duk da haka minti guda ne ga kowane yaro. Malamar da ke sauraren goma kullum kafin a fita tara, ta sa alama a gaban sunayensu, za ta zagaye babban aji cikin mako biyu. Ranar Litinin ta san su wane za ta dawo da su bencin gaba, kuma su wane za su iya zama da ƙannensu su taimaka musu. Haka ma a lissafi: yaron da ke rera ɗaya zuwa ɗari, a zuba masa marafan kwalba bakwai a ce ya cire uku, nan take za a san inda ya tsaya.

Idan aka bar wannan dama ta wuce, gyaran yana da tsada. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro hanyar da ake gwada manyan yara a raba su rukuni-rukuni gwargwadon iyawarsu, masu harafi daban, masu kalma daban, masu labari daban, ba tare da duba ajinsu ba. An gwada ta a Borno, sannan a 2019 aka fara ta a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na jihar Kano da sunan KaLMA. 'Yan aji huɗu zuwa shida ne aka riƙa zaunarwa ana koya musu abin da ya kamata su samu tun aji ɗaya.

Yanzu kuma wata tambaya ta taso a kan harshen da za a yi duk wannan aiki da shi. Tun 1977 manufar ilimin Najeriya ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, sannan a 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya sanar da faɗaɗa hakan zuwa shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa da mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe. Masu goyon bayansa suna nuni da faɗuwa a manyan jarrabawoyi. Masu adawa suna tuna masa gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Malamar aji ɗaya a Ningi ko Gwadabawa ita ce za ta ɗauki nauyin hukuncin, domin ita ce za ta nuna wa yaro harafi da sautinsa a cikin kalmar da bai san ma'anarta ba.