FASHIN BAƘI: Abin da ya sa wasu yara a Gwandu da Kalgo ke ɓoye son kiɗan gargajiya

A garuruwan Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, akwai yara 'yan shekara 13 zuwa 16 da ke ajiye waƙoƙi iri biyu a wayar da suke riƙewa. Na farko su ne waɗanda ake kunnawa da ƙarfi a majalisa da wurin cajin waya, irin na Hamisu Breaker da Ado Gwanja da Davido. Na biyu kuwa, irin na Narambaɗa da Ɗankwairo da Shata, sai an shige ɗaki ko an toshe kunne ake jin su, domin wanda abokai suka kama yana sauraron su zai sha tsiya, a laƙaba masa sunan tsoho ko baƙauye.

Ana iya ɗaukar wannan a matsayin wasan yara. Amma ɓoyon yana da dalilai, kuma yana da illa ga sana'ar da ba ta rayuwa sai a bainar jama'a.

Wane kiɗa ake ɓoyewa?

Mafi yawansa kiɗan gida ne, na tsohuwar Jihar Sakkwato wadda aka cire Kebbi daga cikinta a 1991. Ibrahim Narambaɗa Tubali makaɗin kotso ne na fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu, kuma shi ne mai Bakandamiya. Musa Ɗankwairo Maradun shi ma da kotso ya waƙe sarakuna da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Ɗan Anace ya yi suna da waƙoƙin dambe, musamman ta Shago. A ƙasar Kebbi akwai gidan Ɗandawo: Aliyu Ɗandawo, wanda ya yi kiɗan fada a Argungu, da ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri. Daga gabas kuma akwai Mamman Shata da kalangunsa, da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa.

Yadda ya koma kiɗan tsofaffi

Ɗankwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999. Yaron da aka haifa a 2010 bai taɓa ganin ɗayansu a fage ba, a bakin kakansa ko a rediyon mahaifinsa ya san su. A daidai lokacin da manyan makaɗan ke ƙaura, finafinan Hausa na Kano suka kawo kiɗan fiyano, wanda fim ɗin Sangaya na 1999 ya ƙara yaɗawa. Mutum ɗaya a situdiyo ya maye gurbin makaɗa da 'yan amshi, waƙar soyayya ta minti biyar ta maye gurbin waƙar sarauta mai tsawon rabin awa. Da intanet ta zo, TikTok ya ƙara gajarta abin da kunne ke iya jurewa.

A Kalgo, mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ya kawo ɗalibai daga sassan Najeriya da nasu salon. Yaron gari da ke kallon su yana koyon abin da ake kira wayewa, kuma kotso ba ya ciki.

Kunya iri uku

Ta farko ta harshe ce. Narambaɗa da Ɗankwairo da Hausar yamma suka yi waƙa, ta "munka" da "sunka" da "hwaɗa". Ita ce Hausar da yaron Gwandu ke yi a gida, kuma ita ce finafinai suka daɗe suna sa wa ɗan wasan barkwanci a baki. Mawaƙan zamani kuwa mafi yawansu da Hausar Kano suke rerawa. Don haka yaron da ke ɓoye waƙar, har da karin harshensa yake ɓoyewa.

Ta biyu ta asali ce. A tsarin zaman Hausawa, kiɗa da roƙo sana'ar gado ce da ake jin daɗinta amma ba a ɗaukaka masu ita. Ɗan gidan malamai ko na sarauta da aka ji yana bin amshi zai iya jin tambayar ko maroƙi zai zama. Mawaƙin fiyano ya tsere wa wannan tambayar, domin shi ana kallonsa a matsayin tauraro.

Ta uku ta addini ce, kuma tana da nauyi a Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda hubbarensa yake. Malaman jihadi sun yi rubuce-rubuce a kan hukuncin kiɗa, inda suka sassauta a kan wasu nau'o'i kamar na tara jama'a, suka tsananta a kan wanda ke jawo shagala da cuɗanyar maza da mata. Masani Veit Erlmann ya tattara irin waɗannan rubuce-rubuce a littafin da ya wallafa a 1986. Sai dai wannan hani bai ware fiyano daga kalangu ba. Abin da ya bambanta su a wurin yaro shi ne, idan an yi masa faɗa a kan waƙar zamani yana da abokai masu tsaya masa, a kan Ɗan Anace kuwa shi kaɗai ne.

Abin da ake asara

A zamanin rediyo da kaset, sauraro na kowa da kowa ne. Akwati ɗaya ke magana a zaure ko a teburin mai shayi, yaro ya ji, ya kuma ji manya na warware zambo da habaici da tarihin da ke ciki. Waya da katin memori sun sa kowa na sauraro shi kaɗai. Sun sauƙaƙa samun tsofaffin waƙoƙi, amma sun raba su da masu yi musu sharhi.

Nan ne asarar farko take. Waƙar fada cike take da sunayen sarakuna da garuruwa da tsofaffin kalmomin doki da yaƙi da noma. Yaron da ke jin kunyar a san yana sauraro ba zai tambayi kakansa ma'anarsu ba, dattijon kuma zai tafi da saninsa.

Ta biyu ta shafi makaɗa masu rai. Makaɗin gargajiya da gayyatar biki da kyautar da ake yi masa a fili yake ci, ya ciyar da 'yan amshinsa. Masoyin ɓoye ba ya gayyata, ba ya kari. Idan ya girma ya tashi aure, zai fi sauƙi ya ɗauko mai kiɗan DJ kamar yadda abokansa suka yi. Ɗan makaɗi da ya ga haka sai ya rataye gangar gado ya nemi acaɓa.

Mene ne mafita?

Alamu sun nuna kunnen jama'a bai rufe ba. Naziru M. Ahmad, wanda Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Sarkin Waƙa a 2018, da salon waƙar fada ya ja matasa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana taskace matanin waƙoƙin baka da tarihin masu su. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin kundin al'adun duniya a 2016, har yanzu fage ne na makaɗa.

Abin da ya rage yana hannun na kusa. Waƙar baka na cikin manhajar Hausa ta sakandare, don haka malami na iya kunna ta a aji maimakon karanto ta daga takarda. Gidajen rediyon jihar na iya ba yara fili su zaɓi waƙa su yi bayaninta. Uban da ya ji ɗansa na ƙunƙunin waƙar Narambaɗa kuwa, ya zaunar da shi ya tambaye shi abin da ya gane a ciki, sannan ya ƙarasa masa sauran.