Maganin da Ake Farawa Ba a Ɗorewa: Halin da Tsofaffin Gwarzo da Kabo Ke Ciki

Shekaru talatin da suka wuce, idan aka ce tsoho ba shi da lafiya a Getso ko Garo, abin da ke zuwa a rai shi ne zazzaɓi, ko gudawa, ko tari. Cuta ce mai farko da ƙarshe: a yi allura, a sha ƙwaya kwana biyar, mutum ya miƙe ko kuma a ce kwana ya ƙare. Yau kuwa dattawa da yawa a ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo suna fama ne da cututtuka masu zama: hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa da ƙugu, riƙewar fitsari ga maza. Yawancinsu ba a rabuwa da su, lallaɓa su ake yi har iyakar rai. Amma gidajenmu da aljihunmu da ƙananan asibitocinmu duk sun saba ne da jinyar kwana biyar, kuma a wannan giɓin ne muke rasa iyayenmu.

Dalilan yawaitar cututtukan ba ɗaya ba ne. Akwai na alheri: mutane da yawa suna kaiwa sittin da saba'in, jijiyar jini kuwa tana ƙara tauri da shekaru ko da mutum a gona ya yi rayuwarsa. Akwai na ganowa, domin cutar tana nan tun da can, suna ne kawai ya bambanta. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye sai a ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa. Sai kuma tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Miyar kukarmu kuwa ga gishiri, ga dunƙule biyu ko uku, ga kanwa mai ɗauke da irin sinadarin da ke cikin gishirin. Bincike daban-daban a Nijeriya ya nuna kusan baligi ɗaya cikin uku yana da hawan jini, kuma ƙalilan ne nasu ya daidaita. A ƙidayar 2006 Gwarzo na da mutum sama da 180,000, Kabo sama da 150,000, yau kuma sun haura haka nesa ba kusa ba. Maganar dubban mutane ake yi.

Gano cutar ya yi sauƙi a yanzu, domin abin awon jini ya shiga har shagunan kemis. Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an gano. Dattijo zai je asibiti da ciwon kai da jiri, a ɗaura masa abin awo a dantse, a ga 180 bisa 100 alhali daga 140 bisa 90 ake kiransa hawan jini. A ba shi maganin wata guda. Kafin mako biyu kai ya saki, jiri ya tafi. Ɗansa ya kira daga Kano ya ce, "Baba, likita fa ya ce a ci gaba." Shi kuma ya ce, "Kai yaro, mai lafiya yana shan magani ne?" Dattijon bai yi wauta ba, abin da ya sani ke nan game da magani tun yana saurayi. Ba wanda ya zauna ya faɗa masa da Hausa cewa hawan jini kan yi shekaru ba a jin komai, yana nan yana cin ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Wanda ma ya fahimta, kuɗi na iya kayar da shi. Daga cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira a watan da ya biyo, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. A Agustan wannan shekarar kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar da daina harka kai tsaye a Nijeriya, Sanofi mai yin insulin ya bi sahu a Nuwamba. Ga kuɗin mota: daga Gwarzo zuwa Kano kimanin kilomita 70 ne, tsoho kuma ba ya tafiya shi kaɗai, kujera biyu za a biya zuwa da dawowa. Akwai wani abin da masu tsara manufofi a birni ba su cika lura da shi ba, wato kuɗin manomi na da lokaci. Bayan kaka akwai masara da waken suya da za a kai kasuwa, magani yana samuwa. Da damina ta faɗi, abin hannu ya tafi wurin taki da 'yan ƙwadago, rumbu ya yi ƙasa, maganin Baba ne farkon abin da ake jinkirtawa, tunda Baba bai kwanta ba. Cutar kuwa ba ta san kaka da damina ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗi. Tsohuwa gwiwa ta hana ta ruku'u, a aiki jika kemis da 'yan kuɗi kaɗan. Mai shago ya ɗauki almakashi ya yanko biyu daga wannan kati, biyu daga wancan, ya ƙulle a leda ba suna ba takarda. Sau da yawa a ciki akwai diclofenac ko piroxicam, wani lokaci har da dexamethasone. Gwiwa za ta saki, Inna ta sa albarka. Amma magunguna biyun farko suna ɗaga jini, suna raunana ƙoda, suna ƙwaƙule ciki har ya yi gyambo, na ukun kuma yana hauhawar da suga. Jikin mai shekara saba'in ba ya fitar da magani da sauri irin na matashi. Idan aka ɗora wannan a kan maganin asibiti, da jiƙon mai maganin gargajiya, da ƙwayar da maƙwabciya ta ce ta yi mata amfani, an gudu ba a tsira ba. Ba na ɗora laifin duka a kan mai kemis, domin a ƙauyuka da yawa shi ne kaɗai ake samu da dare, shi ne kuma mai ba da bashi.

Sakamakon yana faɗowa ne a kan gida gaba ɗaya. Ranar da ɓarin jiki ya shanye, kuɗin da aka kasa fitarwa kaɗan-kaɗan sai a fitar da ninkinsa lokaci guda: a sayar da saniya, a jinginar da gona, a kwana a barandar Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Idan ƙoda ce ta tsaya, wankinta sau biyu ko uku ne a mako, kuma gidajen da za su iya jure wannan ba su da yawa. Jinyar gida kuwa mata ke yi, suruka ta ajiye sana'arta, wata jikar ta daina zuwa makaranta. Su kansu tsofaffin mata sun fi shiga haɗari, domin da yawansu rabonsu da awon jini tun awon cikin autansu.

Dokoki da shirye-shirye akwai su. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiya a matakin farko. Kano ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, da dokar 2016. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a biya wa. Tun 2020 kuma aka fara shirin daƙile hawan jini a ƙananan asibitocin Kano da Ogun, inda ma'aikacin lafiya na karkara ke bin tsari mai sauƙi, ya fara da amlodipine, in bai wadatar ba ya ƙara losartan. A ganina wannan ne ya fi dacewa da Kutama da Lakwaya da Gude da Durun. A Ibadan an buɗe cibiyar kula da tsofaffi tun 2012, abin yabo ne, amma abin da tsohon Madadi ya fi buƙata shi ne ya taka da ƙafarsa zuwa asibitin mazaɓarsa ya tarar da ƙwayarsa a kan kanta a Agusta kamar yadda ya tarar a Disamba. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna shugabannin ƙananan hukumomin biyu da hukumar lafiya matakin farko ta jiha.

Limamai ma suna da rawar takawa, musamman gab da azumi. Tsoho mai ciwon suga da ke shan glibenclamide ko mai allurar insulin sugansa na iya faɗuwa da rana har ya suma, kuma shari'a ta yi masa rangwame. Daga bakin liman zai fi karɓar wannan magana.

Ku kuma 'ya'ya da ke Kano da Abuja da Legas, ku ware kuɗin maganin iyayenku daban da na cefane, ku saya na wata uku tun da kaka. A ɗora wa mutum ɗaya a gida alhakin ba da shi kullum. Ranar komawa asibiti kuwa, a tattara duk abin da Baba ko Inna ke sha, na likita da na kemis da na gargajiya, a zuba a leda ɗaya a ajiye a gaban ma'aikacin lafiya ya gani da idonsa.