Maganin Tsutsar Ciki Ba A Ɗura Shi

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni fili in gargaɗi 'yan'uwana na ƙasar Ƙaraye da Rogo a kan abin da na gani da idona.

Kwanan baya na tafi Rogo gaida ƙanwata. Na iske ta sayo wa ɗanta mai shekara biyu maganin tsutsar ciki wurin wani mai talla a kasuwa. Yaro ya ƙi sha, sai ta danne shi a cinya, ta toshe masa hanci, ta tura masa ƙwayar ɗungurungum, kamar yadda ake ɗura wa yara kunu. Nan take ƙwaya ta tsaya a maƙogwaro, idanunsa suka firfito. Na kifa shi a hannuna, na bubbuga bayansa, da ƙyar ta fito. Da kwana ya ƙare, da an ce magani ne ya kashe shi, alhali kuwa laifin na ɗura ne.

Jama'a, maganin nan alheri ne. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba yara shi sau ɗaya ko sau biyu a shekara inda tsutsa ta yi yawa. Amma yana da sharuɗɗa.

Na fari, ƙwayar albendazole miligiram 400 ce. Yaro mai shekara ɗaya zuwa biyu rabinta ake ba shi. Wanda bai cika shekara ba, sai da izinin likita.

Na biyu, yaron da bai kai shekara uku ba, a niƙa masa ƙwayar, a dama da ruwa kaɗan, a ba shi yana zaune. In yana kuka, a jinkirta har ya yi shiru.

Na uku, mace mai ciki ba ta sha cikin wata uku na farko.

Na huɗu, yaranmu masu wanka a madatsar ruwan Challawa, wadda aka gama a 1992, akan ba su praziquantel, maganin tsargiya da tsila. Wannan ba a shan sa da yunwa, gama yakan kawo jiri da tashin zuciya. Yawan ƙwayar kuma da sandar awon tsayi ake sanin sa, don haka kada a ba ƙane abin da aka auna wa wansa.

Na biyar, a karɓi magani hannun malamin asibiti. Mai talla ba ya tambayar shekarun yaro, balle ya duba ko magani ya lalace.

Malaman makaranta da limamai, don Allah ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, musamman matan gida, kada garin neman gira a rasa ido. Allah ya raya mana zuriya, amin.

Haza wasalam.

Ni ne,
Wani Malamin Makaranta, Ƙaraye.